Na kwanta a kan iska na minti biyu, yayana ya ce fanka ce kawai ta hure ni

Mai Tsoron Tsani:
Assalamu alaikum jama'a. Labari na kawo, da kuma ƙara. Waɗanda suka san ni sun san ko ƙwan lantarki zan canja sai na samu mai riƙe mini tsani, kuma matakala ta uku ita ce iyakata. To jiya ni ne a sarari, ba igiya, ba lema.

Rijiyar iska na shiga, irin ta waje. Wata ƙatuwar farfela ce a kwance ƙarƙashin dandali tana kallon sama, an ɗaure raga mai ƙarfi a kanta, an zagaye ragar da manyan katifu. Ba bango, ba rufi. Idan aka ba injin wuta sai iska ta miƙe tsaye kamar ginshiƙi, kai kuma ka kwanta a kanta rub da ciki.

Kafin nan sai da aka sa muka zazzage aljihu, muka cire agogo da zobe, muka ƙara ɗaure takalma. Aka ba mu wata riga haɗe da wando, burmeme, da hular kwano da tabarau da abin toshe kunne. Mai koyarwa ya kwantar da mu a kan benci ya ce: ka banƙare, ka turo ƙugu gaba, ka ɗaga haɓa, hannuwa a buɗe daidai da ido. Tunda a ciki ko ihu ka yi ba mai ji, da yatsu ake magana. Yatsu biyu a miƙe, miƙe ƙafa. Yatsu biyu a lanƙwashe, lanƙwasa gwiwa. Yatsa ɗaya ya nuna sama, ɗaga kai. Akwai kuma alamar "saki jiki", wadda a lokacin na ɗauka ita ce mafi sauƙi.

Minti na farko abin kunya ne. Iska na dukan ƙirjina sai na sandare kamar icce, na fara tangal-tangal, kumatuna na kaɗawa, miyau kuwa ya bi ta gefen baki ya nufi kunne. Mai koyarwa na riƙe da rigata yana ta yi mini alamar saki jiki, ni kuwa ina ƙara ƙanƙamewa. Da ya ɗan sake ni, sai na sulale na bar tsakiyar iskar, na ji babu komai a ƙarƙashina, tim a kan katifa. A zagaye na biyu gajiya ta riga ta ci ƙarfina, ba ni da sauran kuzarin ƙanƙamewa. Ikon Allah, a nan ne na tsaya cak a sarari, iska ta ɗauke ni kamar an shimfiɗa mini ita.

Ga ƙarar. Na koma gida na ce wa yayana yau na ɗanɗana dirowa daga jirgin sama. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce fanka ce kawai ta hure ni. Ku raba mu.

Sarkin Shakka:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan Yaya. Mutum ya je ya biya kuɗi don ya sha iska, ya dawo yana kiran kansa shaho. Kallon kitse kake yi wa rogo, ɗan'uwa.

Maman Tagwaye:
Hhhh miyau har kunne! Sannu ƙanena. Ni tsorona ɗaya: idan wuta ta ɗauke kana sama fa?

Injiniya:
Maman Tagwaye, farfela mai wannan nauyin ba ta tsayawa nan take. Juyinta raguwa yake yi a hankali, iskar ma haka, sai mutum ya sauko kan raga. Sabon shiga kuma ba a barinsa ya yi nisa da ragar tun farko.

Game da ƙarar kuwa, Yaya ya faɗi gaskiya, fanka ce. Sai dai ya raina fankar. Wanda ya diro daga jirgi ba ya ta ƙara gudu har ƙasa. Ƙasa na janyo shi, iska na tokare shi, kuma tokarewar na ƙaruwa da gudunsa: idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ta ninka huɗu. Cikin kamar sakan 12, bayan ya ci wajen mita 450, sai turjiyar ta yi daidai da nauyinsa, gudun ya tsaya wuri ɗaya. Ga wanda yake rub da ciki, wannan gudun kusan kilomita 200 ne a awa. Daga nan har ya buɗe lema, abin da jikinsa ke ji shi ne iska mai gudun kilomita 200 tana dukansa daga ƙasa. To fatar mutum ba ta san bambanci tsakanin ita ce ke ratsa iska ko iska ce ke ratsa ta ba. Ka miƙa tafin hannu ta tagar mota tana gudu, ka karkata shi sama, ka ji yadda yake tashi. Aikin ke nan, sai dai a nan jikinka gaba ɗaya ne tafin hannun.

Sarkin Shakka:
Injiniya an zo da allo da alli. To ita rigar burmeme ta mece ce, ado?

Injiniya:
Dabara ce. Riga mai faɗi tana kama iska da yawa, sai mutum ya tashi ba tare da an kai injin ƙarshen ƙarfinsa ba. Kuma rage gudun ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin ƙarfin da injin ke buƙata yana ninka takwas idan gudun iska ya ninka biyu. Bari in yi muku lissafin bayan takarda. Ginshiƙin iska mai faɗin mita 3, yana gudun mita 55 a sakan, kusan rabin tan na iska ke nan ake cillawa sama kowane sakan ɗaya. Wannan na neman kilowat wajen 700, kafin ma a sa asarar da ake yi a farfela. Saboda haka idan Yaya ya ce fanka, a gaya masa fanka ce mai ƙarfin doki kusan dubu.

Tsohon Ɗan Lema:
Na karanta duka. Ɗana Mai Tsoron Tsani, na yaba maka, amma kada ka ƙara cewa ka ɗanɗana dirowa. Na yi shekaru ina wannan wasa kafin gwiwa ta ce in zauna, kuma abin da ka yi kashi ɗaya ne cikin biyar.

Dirowa tana farawa tun a ƙasa, lokacin da kake duba kayanka ɗaya bayan ɗaya, ka san rayuwarka na cikin jakar nan da aka naɗe. Sai hawan jirgi, minti goma sha biyar ko ashirin kana kallon gonaki suna ƙanƙancewa. A mita 4,000 a buɗe ƙofa, sanyi ya shigo, na gabanka ya ɓace kamar an shafe shi, a ce saura kai. Wannan ƙofar ita ce jarrabawar. Na ga ƙarti majiya ƙarfi sun riƙe bakinta sun ƙi saki. Bayan ta sai faɗowar, kamar minti ɗaya, wadda ita kaɗai ce rijiyarku ke kwaikwayo. Ko a cikinta ma idonka na kan agogon tsayi da ke hannunka, don ƙasa ba ta jiran kowa. Sai buɗe lema, ka ɗaga kai ka duba ko ta buɗe lafiya, idan ta harɗe ka yanke ta ka buɗe ta ajiya, kuma sakanni kaɗan gare ka ka yanke wannan shawara. Sannan tuƙa lemar da sauka. Yawancin karayar da na gani da idona a wurin sauka aka yi ta, lema a buɗe lafiya ƙalau.

A rijiya idan ka yi kuskure katifa ce ke jiranka. Wannan kaɗai ya isa ya raba su.

Mai Tsoron Tsani:
Baba na ji, na kuma karɓa. Amma a ba ni kashi ɗayan nan nawa, kada Sarkin Shakka ya haɗa da shi ya cinye.

Tsohon Ɗan Lema:
Naka ne, halak malak. Kuma don kada a ce na yi son kai, bari in faɗi ɗaya gefen. A zamaninmu kowane tsalle minti ɗaya yake ba ka na koyon sarrafa jiki, rabinsa ma tsoro ya cinye. Ka sauka, ka naɗe lema, ka jira jirgi, ka jira gajimare ya wuce. Sai ka yi wuni guda ka tara minti huɗu ko biyar. Yaran yanzu sukan shiga rijiya su yi minti goma a zama ɗaya, mai koyarwa na tsaye kusa da su yana gyara musu ƙafa da hannunsa. Na ga wanda tsallensa bai kai ashirin ba yana juyi a sama yadda ni sai da na haura ɗari biyu na iya. Har sojojin lema na ƙasashe da dama da ita suke horo. Ba na raina ta. Makaranta ce, amma ba ita ce filin ba.

'Yar Tarihi:
Baba ya taɓo inda nake so. Asalin abin ma ba don wasa aka yi shi ba. Irin waɗannan rijiyoyi masu hura iska tsaye an gina su ne don gwajin jirage da lemomi. A 1964 wani Ba'amurke, Jack Tiffany, ya shiga ɗaya daga cikinsu a sansanin sojan sama na Wright-Patterson da ke jihar Ohayo, shi ake lissafawa a matsayin mutum na farko da ya tashi a ciki. Wanda ya mayar da ita abin shiga ga kowa kuwa ɗan Kanada ne, Jean St-Germain, a ƙarshen shekarun 1970, kusa da Mantiriyal. Daga ƙirarsa aka gina guda biyu a Amurka a 1982, ɗaya a Las Vegas, ɗaya a Pigeon Forge ta jihar Tenesi. Ta Las Vegas farfelar jirgin DC-3 aka sa mata. Kun ga Yaya bai yi nisa da gaskiya ba, kuma Mai Tsoron Tsani ma zai iya cewa ya yi hulɗa da jirgin sama, ko da farfelarsa ce.

Sarkin Shakka:
Anti kin ba shi makami. Gobe zai ce shi matuƙi ne.

'Yar Tarihi:
Ai irin ta waje da ya shiga ita ce ta fito da abin idon duniya. A bikin rufe gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a Turin ta Italiya a 2006, an ga mutane na shawagi a tsakiyar fili ba igiya. Kamfanin Aerodium na ƙasar Latbiya ne ya kawo injin, su ne masu rijiyar waje da ke Sigulda tun 2005.

Ɗan Birni:
Ni ta cikin gini na taɓa shiga, mai bangon gilashi, kuma ban ga abin da zai kai ni ta waje ba. A ta gilashi iska a daidaite take daga bango zuwa bango, ba inda za ka sulale ka faɗo kamar buhu. Ruwa ko rana ba ruwanka. Gasar duniya ma a irinta ake yi, ta farko a Firag, babban birnin ƙasar Cek, a 2015. Wadda aka buɗe a Abu Dabi a 2019 faɗinta kusan mita 10 ne. Ta waje tsohon yayi ce.

Mai Tsoron Tsani:
Malam Ɗan Birni, ban shiga taka ba, amma na ga bidiyo, kamar kifi a kwalba. Ni da na ɗaga kai gajimare na gani. Kuma da mai koyarwar ya gama da mu ya shiga shi kaɗai, aka ƙara wa injin wuta, ya harba sama har ya wuce tsayin bishiyoyin wurin, ya juyo da ka, ya zo dab da raga ya baje jiki ya tsaya. Ba gilashi tsakaninmu da shi. Wannan kallon kaɗai ya biya ni.

Injiniya:
Kowannenku na da hujja. Ta waje iskar da ta hura ta tafi ke nan, kullum sabuwa take ja, shi ya sa take da ƙara da cin makamashi. Ginshiƙin kuma yana cakuɗuwa da iskar gefe, yana raunana ta baki-baki da kuma can sama, abin da ya zubar da ɗan'uwanmu ke nan. Idan iskar gari ta taso daga gefe tana iya karkatar da shi. Ruwan sama kuwa a wannan gudun kamar tsakuwa yake a fuska. Ta cikin gini mai zagayowa iskar ɗaya take juyawa ta cikin bututu, ta fi laushi, ta fi tattali, sai dai tana ɗumama, dole a riƙa sanyaya ta. Amma akwai abin da ta waje ke koyarwa dole: zama a tsakiya. Ba bangon da zai dawo da kai.

Maman Tagwaye:
To ni yanzu tagwayena sun leƙo wayata sun gani, sun tasa ni gaba. Shekararsu 7. Ana barin yara? Kada in je in jefa 'ya'yan mutane cikin halaka, ubansu ya ce da ni aka haɗa baki.

Mai Gashin Ƙashi:
Hajiya, wurare da yawa suna karɓar yara tun daga shekara 3 ko 4, da sa hannun iyaye, kuma ana rage musu iskar daidai nauyinsu. Sau da yawa ma sun fi manya iyawa, don ba su san ƙanƙame jiki ba. Manyan ne abin dubawa.

Wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa, ya yi haƙuri. Ku dubi yadda ake riƙe hannu a ciki: an ɗaga shi gefe, an lanƙwasa gwiwar hannu, iska kuma na tura shi baya. Wannan shi ne ainihin yanayin da kan ƙashin kafaɗa ke zamewa ta gaba, kuma wadda ta taɓa fita ta riga ta san hanya. Haka mai ciwon baya ko wuya, don banƙarewar nan a kan ƙugu take sauka. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya su ma a'a. Akwai kuma iyakar nauyi, kowane wuri da tasa. Takardar da ake ba ku ku cike ba ado ba ce, kada mutum ya ɓoye ciwo don kunya ko don ya riga ya biya.

Mai Tsoron Tsani, yaya kafaɗu da safen nan?

Mai Tsoron Tsani:
Likita kamar ka sani. Kamar na kwana ina dakon buhuna. Minti biyu fa kacal!

Sarkin Shakka:
Iska na wahalar da mai kayan kara. Amma tsakani da Allah ina da tambaya ta gaske. Wannan abin da ke yi wa mutum kamar hanjinsa ya taso wuya, irin na lilo idan ya sauko, ana jin sa a ciki?

Mai Tsoron Tsani:
Ko kaɗan. Shi na fi tsoro, kuma bai zo ba.

Tsohon Ɗan Lema:
Zan ba ka mamaki, ko daga jirgi ba a cika jin sa ba. Jirgin na tafe da gudunsa, kana fita iska ta riga ta tare ka, sai dai daga gaba take zuwa, sannan a hankali ta koma daga ƙasa. Wanda ya diro daga balan-balan ko helikwafta da ke tsaye wuri ɗaya, shi ne ke jin cikinsa ya tashi, don sakannin farko babu iskar da zai dogara da ita. Na yi sau ɗaya daga balan-balan. Na yi ta harba ƙafa kamar jariri.

Injiniya:
Baba ya gama magana. Wannan jin yana zuwa ne lokacin da gudu ke ƙaruwa ba abin da ya tokare ka. Da zarar iska ta ɗauki nauyinka, kwance kake, kamar a kan gado mai ƙara. Misali mafi girma shi ne Felix Baumgartner, ɗan Ostiriya, da ya diro daga wajen kilomita 39 a ranar 14 ga Oktoba 2012. A can iska ta yi siriri ƙwarai, ba abin da zai riƙe shi, har gudunsa ya kai kilomita 1,357 a awa, ya wuce gudun sauti, ya kuma yi ta juyi kamar katantanwa kafin ya shigo iska mai kauri ya daidaita. Banƙarewar da aka koya wa Mai Tsoron Tsani sai da iska take aiki. Ka saki kwano daga sama, da gindinsa yake sauka. Cibiyarka ce gindin kwanon. Idan ka dunƙule ka turo baya sama, ka kifa kwanon ke nan, dole ya nemi juyewa.

Yayan Mai Ƙara:
Salamu alaikum. An ce an kai ni ƙara a nan, shi ne aka turo mini na shigo. Na karanta, na ƙaru, musamman da bayanin Baba da na Injiniya. Na janye kalmar "kawai". Fanka ce babba. Amma jama'a, ina da bidiyon. Tsayin da yaron nan ya yi daga raga, da zan tsaya kusa da shi, da haɓata zan taɓa shi.

Mai Tsoron Tsani:
Yaya, wannan tonon silili ne. Kuma a ciki ya fi haka nisa.

Tsohon Ɗan Lema:
Kada ka ji kunya ɗana, haka ake fara wa kowa. Tsayawa cak a tsayin ƙirji ba tare da an riƙe ka ba ya fi wuya a kan a ɗaga ka mita biyar ana riƙe da kai. Ni tambayata ɗaya: tsoron tsayin ya tafi?

Mai Tsoron Tsani:
Baba, gaskiya ban ma haɗu da shi a can ba. Ba bakin rami da zan leƙa, ba abin da ƙafata ke tsaye a kai balle ya girgiza, haɓa kuma a sama aka ce in riƙe. Abin da na yi kokawa da shi jikina ne da ya ƙi yarda a ɗauke shi. Ina so in koma in koyi juyawa hagu da dama, an ce da ɗan karkata kafaɗa ake yi. Ƙofar jirgin nan taku kuwa, a bar ta a rufe tukuna.

Yaya, sati mai zuwa tare za mu je, ni zan biya.

Yayan Mai Ƙara:
Ka ji abin da Likita ya ce. Kafaɗata ta dama ta goce sau biyu a filin ƙwallo, kai shaida ne.

Mai Gashin Ƙashi:
Sau biyu? Yaya ka zauna a benci ka riƙe masa waya.

Sarkin Shakka:
An samu mafita da lasisin likita. Allah Ya ba mu irin wannan kafaɗa.

Yayan Mai Ƙara:
Ni dai ƙwan lantarkin tsakar gida ya mutu tun shekaranjiya. Tunda yanzu muna da shaho a gida, ina jira.

Mai Tsoron Tsani:
Zan canja. Ka zo ka riƙe tsanin.